Kura Takan Shigo Ta Cikin Waya

A shekara ta 2012 wasu samari suka ƙulla abota da wata ɗalibar Jami'ar Jihar Nasarawa a Facebook, suka gayyato ta Legas, suka kashe ta a wani otal a Festac. Shekararta 24. To, ina ga ƙananan yaranmu?

Mugu yakan fara da yabo, sai kyautar katin waya, sai ya nemi hoton tsiraici, ya ce kada Mama ta sani. Daga nan sai barazana.

Ƙarfinsa yana cikin shirun yaro. Saboda haka in 'yarku ta buɗe baki, kada ku fara da bulala, gama tsoron duka ke sa yaro ɓoyewa. Ubangiji ya tsare gidajenmu. Amin.