Kaka, Ɗa da Jika a Gida Ɗaya: Abin Dariya a Ingila, Zaman Yau da Kullum a Adar

A shekarar 1985 gidan talabijin na BBC da ke birnin Landan ya fara nuna wani wasan kwaikwayo na ban dariya mai suna Three Up, Two Down, ma'ana uku a sama, biyu a ƙasa. Richard Ommanney ne ya rubuta shi, an kuma yi ta nuna shi har shekarar 1989. Wani magidanci mai suna Nik da matarsa Anji ne suka sami ƙaruwar ɗa namiji, a lokacin da hannunsu bai da ƙarfi. Gidansu yana da ɗakuna a ƙasa, sai miji ya kira ubansa Sam ya zo ya zauna, mata kuma ta kira uwarta Dafni, dukansu biyu mutuwa ta raba su da abokan zamansu. Sam talaka ne mai sakin baki, Dafni kuwa mace ce mai ji da asali, mai son a bi ƙa'ida. Da yake wurin ɗaya ne, dole suka raba shi. Tun daga nan ba a rasa cacar baki a gidan, Turawa kuwa suna ta ƙyaƙyata dariya.

A shekarar 2007 BBC ta sake fito da wani wasan irinsa, After You've Gone. A nan uwar yara ce ta tafi aikin jinya a Afirka, tsohon mijinta ya dawo gida don ya kula da ƴaƴansu biyu, sai ya tarar da surukarsa ita ma ta zo da niyyar riƙon jikokinta. Kullum sai sun yi musayar baƙar magana.

Manomin Tama, a gundumar Buza, in aka ba shi wannan labari zai tambaya: to mene ne abin dariya? A ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Keita, zaman kaka da ɗa da jika cikin gida ɗaya shi ne asalin zama. A Ingila kuwa an saba ma'aurata su kafa gidansu su kaɗai, tsofaffi su zauna nasu wuri. Tun shekarar 1908 aka kafa dokar biyan tsofaffi kuɗin fansho a can, don haka tsoho ba lalle ya dogara ga ɗansa ba. In aka ga sun haɗu ƙarƙashin rufi guda, yawanci tsadar gida ce ko wata lalura ta haɗa su. Sun haɗu ke nan ba tare da wata al'ada da za ta gaya wa kowa matsayinsa ba, masu wasa kuwa daga wannan ruɗani suke ciro abin dariyarsu.

Bahaushe ya san da wannan haɗari tun da daɗewa, shi ya sa ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma ya yi masa magani iri uku.

Na farko shi ne kunya. Suruki ba ya zama ya yi gardama da uwar matarsa. Yakan durƙusa ya gaishe ta daga nesa, ba ya cin abinci gabanta, da damina kuma yakan kai gayya gonar uban matarsa. Matar ɗa ba ta kiran sunan uban mijinta ko na uwarsa. In aka sa wa yaro sunan kakansa, sai a laƙaba masa wani suna, kamar Baba ko Maisuna, don kada bakin iyaye ya riƙa ambaton sunan babba. Wato daidai wurin da Bature ya buɗe baki ya sa aka yi dariya, nan Bahaushe ya sa shiru, domin ya san maganar da ta fita tsakanin surukai ba ta komawa.

Na biyu shi ne wasa. Dariyar da aka hana tsakanin surukai, an ba ta wuri tsakanin kaka da jika. Tsohuwa takan kira jikanta mijinta, ta kira jikanyarta kishiya, tsoho kuma ya ce jikanyarsa amaryarsa ce. Yaro yana iya yi wa kakansa ba'a a kan furfura ko rashin haƙora, ba wanda zai tsawata masa. Ta wannan hanya abin da yaro ba zai iya gaya wa ubansa ba yakan kai shi ɗakin kaka, ita kuma ta san yadda za ta isar da shi. A nan ne kuma ake jin tatsuniya da tarihin dangi.

Na uku shi ne fili. Gidan Bahaushe yana da zaure inda maigida yake karɓar baƙi, kowace mace tana da ɗakinta, ɗan da ya yi aure ana yanka masa sashensa a kewaye da danga ko katanga. Ana noma gandu tare, hatsi ya shiga rumbun maigida, amma kowa yana da gamanarsa da yake nomawa don buƙatar kansa. Ana tare, ba a kuma takura juna ba.

Wannan tsari fa ya sha girgiza. Fari na 1973 da na 1984, da ƙaruwar jama'a, da ƙanƙancewar gonaki, sun sa gandu ya yi ta rabuwa. Adarawa sun shahara da tafiya biɗa. Da an gama girbi samari da magidanta sai su kama hanyar Najeriya, ko Abijan, ko Libiya. Lokacin da aka buɗe aikin raya ƙasa na Keita a 1984, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin jera duwatsu da dashen itatuwa, saboda maza ba su gari. A gidaje da dama tsakiyar zuriya ce take fita, a bar tsoho da matan ƴaƴansa da jikoki. Abin da wasan Turawa ya mai da raha, wato ɗaya cikin iyaye ya yi nisa kaka ta riƙe yara, a Adar nauyi ne na kowace rani. Manomi kuma ba shi da fansho, gidan nan shi ne fanshonsa.

Masu wasan kwaikwayon Hausa su ma sun leƙa cikin gida. Ƙungiyar Yazi Dogo ta sa jama'ar Nijar dariya a Tele Sahel cikin shekarun 1980 da wasanni a kan halayen mutane. A Kano, tashar Arewa24 ta fara nuna Gidan Badamasi a 2019, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarninsa. Labarin wani tsohon attajiri ne da ƴaƴansa masu yawa, kowa idonsa yana kan dukiyar uban. Wannan ya nuna inda Bahaushe yake jin tsoron ɓaraka, wato wajen dukiya da gado.

Akwai kuma wani sabon zama da ya shafi ma'aikata. Ma'aikacin da aka kai Yamai ko Tawa, yana haya mai ɗaki biyu, ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye don ta ga likita ko ta huta, shi ne ya fi kusa da halin Nik da Anji. Ba zaure, ba sashe, matar ɗa da uwar miji suna cuɗanya dare da rana a wuri guda. Kunya tana wuyar riƙewa inda babu wurin kaucewa.

Saboda haka ya kamata hukumomin da ke yanka filaye a birane, da masu zana gidajen ma'aikata, su tuna cewa iyalin Nijar bai tsaya ga miji da mata da ƴaƴa ba. A bar wurin da za a gina ɗakin tsohuwa mai ƙofarsa dabam. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuma suna da aiki a hannu: su zauna da kakanninsu su rubuta sunayen dangi, da iyakokin gonaki, da labarun da ke bakinsu, tun suna da rai.