HUNTURU A ƘASAR HAƊEJA: NASIHA GA MASU FITAR ASUBA



'Yan uwa magidanta, hunturu ya kankama. Daga Disamba zuwa Janairu iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga hamadar Chadi ta lulluɓe mu, mu kuma na bakin kogi sanyinmu ninki ne, don ga iska ga danshin fadama. Amma ku lura: yawancin cutarwar hunturu ba daga sanyin take zuwa ba, daga gaggawarmu ne da irin dabarar da muke yi don jin ɗumi.

1. A HANYA
Mai babur da direban da ke bin hanyar Kano, ko Nguru, ko Kafin Hausa: in hazo ya sauko, kunna fitila ko da gari ya waye, ka rage gudu. Amalanken shanu da garken dabbobi ba su da fitila, sai ka zo daf za ka gan su. Gara ka jinkirta rana ta ɗaga. Ka naɗa rawani ya rufe hanci da kunne, ka sa riga biyu ko uku, sun fi guda mai kauri riƙe ɗumi. Hannun da ya sandare ba ya kama birki, a nemi safar hannu.

2. A RUWA
Masunta da masu ban-ruwan alkama da tattasai a Auyo, Guri da Kirikasamma, ku ne abin ya fi shafa. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, jiƙaƙƙiyar riga kuwa ta fi komai illa. Ka tafi da busasshen kaya a leda, kana fitowa ka sauya. In ka ga abokin aikinka yana karkarwa, harshensa ya yi nauyi, yana neman barci, to ba gajiya ba ce. A cire masa jiƙaƙƙen kaya, a lulluɓe shi har kai, a ba shi kunu mai ɗumi in yana iya haɗiya, a nufi asibiti.

Addini ma ya yi sauƙi. Amru ɗan Asi (RA) ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi don tsoron halaka, Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Amma mai halin ɗumama ruwa, ya ɗumama ya yi wankansa.

3. A WUTA
Nan ne babban haɗari. Kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe yana fitar da iskar guba mara wari mara launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, mutum ya yi barcin da ba farkawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito umarnin kashe wuta kafin a kwanta. Masu gadin gona, kada a hura wuta cikin bukkar ciyawa. Uwargida, a fitar da kasko kafin yara su yi barci.

ABIN SHA DA NA SHAFAWA
A tafasa citta da kanumfari kaɗan, a sauke, ya ɗan huce, a sa zuma da lemun tsami, a sha kofi ɗaya kafin fita. Yana ɗumama jiki, yana sassauta maƙogwaro. Mai gyambon ciki ya rage citta, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma. Man kaɗanya a leɓe da dunduniya da dare yana hana kaushi da faso. A yawaita shan ruwa ko ba ƙishirwa.

Tari da zazzaɓi da numfashi sama-sama, ko sanƙarewar wuya, wannan ya wuce shayi, na likita ne. Mai asma kada ya fita ba maganinsa a aljihu.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu. A tura wa 'yan uwa, musamman masu fitar asuba.

Wassalamu alaikum.