Bayani A Kan Zaren Keken Ɗinki, Ɗaurinsa Da Sakinsa, Don Amfanin Dillalai Da Masu Saye

Yau za mu ɗan ajiye maganar mudu da tiya, mu yi bayani a kan keken ɗinki. Dalili kuwa shi ne, keke yana cikin kayan da suka fi yawan shiga hannun dillali. Mace ta matsu ta fitar da nata, tela ya sayi sabo ya kawo tsohon, magada su kawo na gado. Sau da yawa mai keke yakan ce ya lalace, yana tsinka zare, yana cukurkuɗa ɗinki, sai a karya masa kuɗi. Alhali kuwa lafiyarsa lau, ɗaurin zare ne kawai ya goce, abin da minti 10 ya isa a gyara. Wani lokacin kuma akasin haka ne, a ce wa mai saye ɗan saiti ne kurum, ya kai gida ya tarar ciwon yana can cikin ƙarfe, ya dawo wa dillali da rigima, la'ada ta koma ciki. To, wanda ya iya rarrabe waɗannan biyu ya tsare amanar mai kaya, ya kuma tsare sunansa a kasuwa.

Ku sani keken tela zare biyu yake aiki da su. Ɗaya yana saukowa daga sama ta hancin allura, ɗaya yana tasowa daga kwarkwaron da ke ƙasa cikin gidansa. Duk sukar da allura ta yi, akwai wani ƙugiya a ƙasa da ke cafke zaren sama ya zagaya da shi bayan na ƙasa, su sarƙe, sannan hannun nan mai hawa da sauka ya ja sarƙar ta shige cikin yadi. Wannan dabara tsohuwa ce. Wani mutumin Amurka, Elias Howe, ya yi rajistar irinta a 1846, Isaac Singer kuma ya fito da nasa keken a 1851. Har yau a kanta Singer da Butterfly da Juki suke tafiya.

Abin kamar sikeli ne mai kwano biyu. In ƙarfin zaren sama da na ƙasa ya zo daidai, ƙullin yakan ɓuya a tsakiyar yadi, ka duba sama ka duba ƙasa ɗinkin iri ɗaya. In ɗaya ya rinjayi ɗaya, sai ya janyo ƙullin zuwa wajensa. Don haka gwajin farko shi ne, a sa zare baƙi a sama, fari a ƙasa, amma kaurinsu ɗaya, a ninka ƙyalle biyu a yi ɗinki kamar taƙi guda. In an ga ɗigo-ɗigon fari ya leƙo ta sama, zaren sama ya yi ɗauri da yawa, ko na ƙasa ya yi sako-sako. In an juya ƙyallen an ga baƙi ya sauko ƙasa, farin kuma yana kwance miƙe har ana iya zare shi da farce, to na sama ne ya yi sako-sako, ko na ƙasa ya yi ɗauri. In yadin ya tattare kamar bakin jaka, duka biyun sun matse. In kuwa an buɗe ƙyallen an ja sai ɗinkin ya yi haƙora, duka biyun sun saki.

Nan ne masu gaggawa suke ɓata lamari. Da ganin haka sai hannu ya tafi kan notin ɗauri, a murɗa nan a murɗa can, har saitin da yake daidai ya rikice. Mu dai shawararmu, noti shi ne na ƙarshe. A fara da zare zaren gaba ɗaya a sake sa shi daga tushe, ƙafar da ke danne yadi tana ɗage. Hikimar ita ce, zaren sama yana ratsa tsakanin wasu 'yan faya-fayan ƙarfe biyu, su ne ke matse shi. In ƙafa tana ɗage sukan buɗe, zare ya shige ciki sosai. In tana ƙasa a rufe suke, zare sai ya hau bakinsu kawai, ba abin da ya riƙe shi. Shi ne za ka ga zare ya taru cunkus a ƙarƙashin yadi, mutane su ɗora wa kwarkwaro laifi, alhali aikin zaren sama ne.

Sai allura. A cire tsohuwa a sa sabuwa, don allurar da ta dakushe ko ta ɗan lanƙwashe ido ba ya gani, amma ɗinki yana nunawa. A tura ta har ta tuƙe a sama. Kowace allura tana da dogon kwari a gefe ɗaya, ta wannan gefen zare yake shiga hancinta. Lambarta kuma ta dace da aiki: 14 ga atamfa da shadda, 16 ko 18 ga yadi mai kauri da zare mai kauri. Zare mai kauri a ƙaramin hanci dole ya riƙa sulluɓewa yana tsinkewa.

Na uku datti. Burbushin zare da ƙurar hunturu sukan taru tsakanin faya-fayan nan, su hana su haɗuwa. Sukan kuma shige ƙarƙashin ɗan sifirin ɗin da ke jikin gidan kwarkwaro, su ɗaga shi. Ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero ya isa ya kashe ɗaurin ƙasa baki ɗaya. A ratsa gefen takarda mai ƙarfi a ƙarƙashin sifirin ɗin, a share faya-fayai da tsumma mai tsabta. Kada a sa allura, tana karce ƙarfe. A duba kwarkwaron ma: in naɗin ya yi laushi har farce yana nutsewa, ko ya taru gefe ɗaya, ko bakin kwarkwaron ya lotse, ɗinki zai yi kyau taƙi guda ya ɓaci taƙi guda. Haka kuma zaren da ya daɗe a rumfa rana tana dukansa yakan ruɓe, ja kaɗan ya tsinke. Wannan ba laifin keke ba ne.

In duk an yi waɗannan abin bai daidaita ba, sai a zo kan noti, a fara da ƙasa. A sa kwarkwaro cikin gidansa yadda zaren zai yi kwana ya koma baya kafin ya shiga tsaga. A riƙe bakin zaren, gidan yana lilo a kan tafin hannu. In ya sulale ƙasa da kansa, ya yi sako-sako. In an girgiza bai motsa ba, ya matse. Daidai shi ne ya tsaya cak, in an ɗan fizga ya sauka kamar inci 1 ko 2 ya sake tsayawa. Notinsa ƙarami ne ƙwarai, dama ɗauri, hagu saki. A murɗa kaɗan-kaɗan, gwargwadon tafiyar minti 5 a fuskar agogo, kuma a yi a kan faranti don in ya faɗi ƙasa sai dai wani. Da ƙasa ta zauna, a bar ta, a riƙa daidaita na sama da ita, ana murɗawa ana gwaji.

Yanzu bari mu ba ku labarin wani keke da wannan matsala ta fi tsanani a kansa, don a ga yadda ƙa'idar take ɗaya ko'ina. A Amurka akwai sana'ar ɗinkin bargo mai hawa uku: yadin ado a sama, auduga a tsakiya, wani yadin a ƙasa. Suna da keke na musamman, mai dogon hannu, irin na kamfanonin Gammill da APQS da Handi Quilter. Tsakanin allura da jikinsa inci 18 ne har zuwa 30, ga shi a kan gado mai tsawon ƙafa 10 zuwa 14. Bargon a miƙe yake a kan sanduna, keken ne ke yawo a kansa bisa tayoyi, gaba da baya, hagu da dama, wasu suna suka fiye da 2000 a minti ɗaya. Kuɗin babba na iya kai na ƙaramar mota, amma ciwonsa na yau da kullum shi ne wannan dai na keken ƙafa.

Abin da ya ƙara masa wuya, keken tela hanya ɗaya yake ja, shi kuwa wannan kowace fuska yake bi, allura tana ɗan tanƙwarewa ta kauce wa ƙugiya. Shi ya sa ɗinki kan yi kyau in an nufi dama ya ɓaci in an nufi hagu, kuma suke sa allura mai kauri, 16 ko 18, dogon kwarinta yana fuskantar mai ɗinki. In an sha kwana da gudu, zaren sama yakan fito ƙasa tsaye-tsaye kamar gashin ido. Maganinsa a rage gudu a kwana, a ƙara ɗaurin sama. In an miƙe bargon ya yi tauri kamar fatar ganga, ƙulli ba ya samun wurin zama, sai an sassauta sanda. Ɗaurin ƙasansu ya fi na keken gida sauƙi: a ɗora gidan kwarkwaro a tafin hannu a ja zare, ya miƙe tsaye amma kada ya bar hannun. Wasu ba su yarda da hannu ba, suna da ɗan ma'auni mai suna Towa, da yawansu suna tsayar da shi kusa da 200. Kuma da yake ba sa ganin ƙasan bargo suna cikin aiki, sukan fara gwaji a gefen da za a yanke, su riƙa shafa ƙasa da yatsa. In an yi sakaci, aikin awa ɗaya kan ci wuni ana farke shi.

Mu 'yan hatsi ma muna da namu, wato keken hannu na ɗinke bakin buhu, irin su Newlong. Yawancinsu zare ɗaya ne, ba kwarkwaro, ɗinkinsu sarƙa ne, noti ɗaya ke riƙe da ɗauri. In ya matse, zare ya tsinke ko ya tsallake suka. In ya saki, sarƙar ta yi kunnuwa, ɗan dako ya jefa buhu mai kilo 100 a mota baki ya buɗe, gero ya bi ƙasa. Ɗinkin sarƙa kuma in suka ɗaya ta tsallake, daga nan yake warwarewa. Don haka a gwada a buhun banza kowace safiya, a busa ƙaiƙayi daga faya-fayai, a bar jelar sarƙa kamar tsawon yatsa a kowane gefe.

To, yaushe dillali zai san ciwon na gaske ne? In an sake sa zare, an sa sabuwar allura, an share, an daidaita ƙasa da sama, amma har yanzu yana tsallake suka, mai yiwuwa ƙugiya da allura sun daina haɗuwa a kan lokaci, aikin bakanike ne. In zare yana tsinkewa bakinsa a tsattsage, a shafa bakin ƙugiya da ramin da allura ke shiga, in farce ya ji kaifi to nan ne. In an murɗa notin sama har ƙarshe ɗauri bai canja ba, a buɗe faya-fayan a duba, zare yakan ci musu hanya saboda daɗewa. A duba kuma siririn sifirin ɗin da ke rawa kusa da su, in ya karye ko ya mutu ɗinki ba zai taɓa zama ba. Faya-fayai da sifirin da gidan kwarkwaro kayan canji ne masu sauƙin kuɗi, a rage kuɗinsu kawai daga ciniki. Ƙugiya da saitin lokaci sun fi nauyi, a tambayi bakanike kafin a yi tayi.

Saboda haka, duk dillalin da zai je ganin keke ya tafi da guzurinsa a aljihu: zare baƙi da fari, allura sabuwa, ƙyalle biyu, da ƙaramin sukundireba. A yi gwajin a gaban mai sayarwa da mai saye, a miƙa wa kowa ƙyallen ya juya ya gani da idonsa, sannan a yi maganar kuɗi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Haza wasalam.