Sokawe Da Rijiya Ba Sa Maƙwabtaka

Masai mai ruwa rami biyu gare shi. Na farko shi ne wanda ake shafewa da siminti a rufe. A nan bahaya ke kwantawa, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su narkar da shi. Ruwan da ya taso sama sai ya bi bututu ya faɗa rami na biyu, wato sokawe, ƙasa ta shanye shi.

To, wannan ruwa yana ɗauke da cuta. Idan rijiya na kusa yakan tsattsafa cikinta, musamman da damina, ya jawo wa gida amai da gudawa. Saboda haka a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, kamar taku 40 na babban mutum, rijiya kuma ta kasance ta wajen tudu.

Leda da tsumma suna toshe bututu. Kalanzir da baƙin mai da wasu ke zubawa don maganin wari kuwa, halittun nan suke kashewa, sai rami ya cika da wuri.

Duk shekara 3 zuwa 5 a kira masu yashewa. Kada kowa ya shiga ramin ko bayan an kwashe, iskar ciki tana kisa.