3.4 Gano Sababbin Ma'adinai a Kafofin Hucin Dutse Mai Aman Wuta

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda dutse mai aman wuta yake fitar da narkakken dutse da toka. A wannan sashe kuwa za a dubi abin da ke biyo baya idan aman ya lafa. Dutsen ba ya yin sanyi nan take. Akwai wasu ƙananan kafofi da tsage-tsage da suke ci gaba da fitar da huci mai zafi har tsawon shekaru, waɗanda masana ke kira fumarol. A cikin wannan aiki za a riƙa kiran su kafofin huci.

Hucin nan ba tururin ruwa ba ne zalla. Yana ɗauke da farar wuta da kulorin, kuma saboda tsananin zafi yakan ɗauko ƙarafa irin su jan ƙarfe da darma da tutiya, su taso tare da shi kamar iska. Da zarar ya iso bakin kafa, inda zafi ya ragu, sai waɗannan abubuwa su daskare a jikin dutse ba tare da sun fara zama ruwa-ruwa ba. Ana iya kwatanta wannan da yadda kunkunniya ke taruwa a rufin madafi, sai dai abin da ke taruwa a nan ƙwayoyi ne masu tsari da launi, kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. Wasu kuma suna samuwa ne idan hucin ya ci jikin dutsen da yake ratsawa.

Babu inda wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar dutsen Tolbachik da ke yankin Kamchatka, a gabashin ƙasar Rasha. Daga watan Yuli na 1975 zuwa watan Disamba na 1976 ƙasa ta tsage a gefen wannan dutse, aman wutar ya gina sababbin tuddai. Shekaru da dama bayan haka, kafofin da ke kan tudu na biyu ba su huce ba, domin an auna zafin wasu ya doshi digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. Tudun tarin tsakuwa ne mai kafofi, don haka iskar duniya tana kutsawa ta gauraya da hucin, abin da ke haifar da haɗe-haɗen da ba kasafai ake samun su a ƙarƙashin ƙasa ba. Ma'adinai fiye da 100 aka fara ganowa a Tolbachik. Fiye da 50 daga cikinsu sun fito ne daga kafa guda mai suna Arsenatnaya, wadda aka gano a 2012, alhali tsawonta bai wuce mita 15 ba. Maƙwabciyarta kuwa ana kiran ta Yadovitaya, wato mai guba da harshen Rashanci, sunan da ya isa ya nuna irin wurin da masu binciken ke aiki.

Sai dai tsinto ma'adinin shi ne mafi sauƙin aikin. Matsala ta farko ita ce laima. Yawancin waɗannan ma'adinai sun samu ne a wuri mai zafi, busasshe ƙarau, kuma da an fito da su sai su fara shan danshin iska. Alal misali, tolbachite, wanda haɗin jan ƙarfe ne da kulorin, kuma Lidiya Vergasova da Stanislav Filatov suka bayyana shi a 1983, yakan sha ruwa ya rikiɗe ya koma wani ma'adini dabam da aka daɗe da sani. Ke nan idan aka yi sakaci, abin da zai isa ɗakin bincike ba shi ne aka ɗauko daga kan dutse ba. Wannan ya sa ake rufe samfur ruf tun a bakin kafar, kafin ya gama hucewa.

Matsala ta biyu ita ce ƙanƙanta. Sau da yawa ƙwayar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ga ta kuma a cakuɗe da wasu. Sai an sa madubin ƙara girma an zaƙulo ta. Daga nan a auna sinadaran da ke cikinta da na'urar da ke harba mata lantarki, sannan a haska ta da hasken eksire domin a ga yadda ƙwayoyin zarra suka jeru a cikinta. Wannan mataki na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin abubuwa biyu suna iya zama da sinadarai iri ɗaya, amma bambancin jeri ya mai da su ma'adinai biyu. Launi da ƙyalli, waɗanda su ne ke fara jan ido, ba su isa hujja ba.

Bayan an kammala awo, sai a miƙa bayanan ga hukumar sababbin ma'adinai ta Ƙungiyar Masana Ma'adinai ta Duniya, wadda aka kafa a 1958. Wakilan ƙasashe su ne ke jefa ƙuri'a a kan ma'adinin da kuma sunan da aka ba shi. Dole ne kuma a ajiye samfurin asali a gidan adana kayan tarihi, kamar na Fersman da ke Mosko, domin duk mai shakka ya je ya sake aunawa. Sunayen (an bar su a nan yadda aka yi musu rajista) sukan fito ne daga wuri ko daga sunan wani masani, kamar vergasovaite da aka raɗa don girmama ita Vergasova.

Mai karatu na iya tambayar amfanin wahala a kan abin da bai cika cokali ba. Amsar tana cikin jerin ƙwayoyin zarra, domin masu haɗa sinadarai suna iya kwaikwayonsa a ɗakin bincike. Petrovite, wani shuɗin ma'adini daga Tolbachik da aka bayyana a 2020, ya ja hankali saboda jerinsa yana da hanyoyin da sodiyam zai iya ratsawa, abin da masu binciken batir ke nema. Har ila yau, a dutsen Kudriavy da ke tsibirin Iturup an ba da rahoto a 1994 cewa ƙarfen reniyam, wanda ke cikin mafi ƙarancin ƙarafa a ɓawon ƙasa kuma ake sa shi a injin jirgin sama, yana taruwa a bakin kafofin huci haɗe da farar wuta. Sai a 2004, bayan shekara goma, hukumar ta amince da shi da sunan rheniite.