Kirsimeti ba sutura: shagalin masu zaman tsiraici a Faransa

Ranar 31 ga Disamban kowace shekara, lokacin da sanyin hunturu ke ratsa ƙashi, mutane kan tuɓe tsirara su faɗa Bahar Rum a Cap d'Agde, kudancin Faransa. Da wannan wanka masu aƙidar zaman tsiraici ke rufe makon Kirsimeti.

Aƙidar ba ta yau ba ce. Tun 1950 Albert Lecocq ya kafa tarayyar ƙungiyoyinsu. Da hunturu sukan koma ɗakuna masu ɗumi, a ci a sha, kowa bisa tawul ɗinsa, don haka ƙa'ida ta ce. Ba a ɗaukar hoton kowa sai da izininsa.

Hujjarsu ita ce, in an ajiye sutura, mai tumbi da mai tabon tiyata da dattijuwar da fatarta ta saki duk sun huta da ɓoye-ɓoye, ba a kuma bambance darakta da masinja. Ko hakan na raba mutum da ƙyamar jikinsa bayan an watse, wannan abin ja ne.

Doka dai tana nan: sashe na 222-32 na kundin laifuffuka ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya da tarar Yuro 15,000 ga mai nunin batsa a bainar jama'a.