Gawayin Da Ke Cikin Ƙarfe

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwa bayanin wani abu da mu ke riƙewa kullum, amma ba safai mu kan tambayi asalinsa ba. Ƙusa tana lanƙwasa, aska tana yanka, tukunyar zubi kuwa in ta faɗi sai ta fashe, alhali duka daga tama su ka fito. Babban abin da ya bambanta su shi ne yawan kabon, watau sinadarin nan na gawayi.

Ƙarfe zalla laushi gare shi. Idan ya yi jawur cikin gawayi, sai ƙwayoyin kabon, da ya ke ƙanana ne ainun, su kutsa tsakanin na ƙarfen, su tokare su, su hana su zamewa. Abin mamaki, ɗan kaɗan ya isa. Kabon ɗin ƙusa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 1,000 ba, na sifirin ɗin mota wajen 6, na magagari 10 ko fiye. Duk waɗannan su ne Turawa ke kira sitil. In ya zarce 20 ya zama ƙarfen zubi, ga tauri ga gautsi.

A da, mutanen Shafil ta Ingila su kan jera sandunan ƙarfe cikin akwatin dutse, su cusa gawayi, su liƙe, su yi ta wuta kamar mako guda. A 1856 Henry Bessemer ya biyo ta bayan gida. Ƙarfen da ke kwararowa daga babban murhu ya riga ya sha kabon har wajen kashi 40, sabo da haka ya hura iska cikinsa yana narke, kabon ya ƙone cikin minti 20 ko kusa. Sa'an nan a mayar da gwargwadon da a ke so, dabarar da Robert Mushet ya kawo. A 1952 a Linz ta Ostiriya a ka soma hura iskar oksijin zalla.

A ganina maƙeranmu sun san wannan da hannu tun tuni. Shi ya sa su ke neman tsohon sifirin don wuƙa da adda. In an gasa shi an tsoma cikin ruwa ko mai farat ɗaya, kabon ba ya samun damar fita daga inda ya maƙale, sai bakin ya yi tauri. Ƙusa ko sau goma a ka tsoma ta, ba ta ji. Mai sayen adda ya goga magagari a bakinta. In ya ci ta da sauƙi, ya ajiye ya nemi wata.

Naka,
Wani Akawu